Agogon Omega da Mahaifinmu Ya Bari: Na Asali Ne, Kuma Me Zan Yi da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu a bana, kuma cikin kayan da ya bari akwai agogon hannu da ya sayo a Jidda lokacin da ya sauke farali a 1968. A fuskarsa an rubuta Omega, can ƙasa kuma Constellation da ɗan tauraro. Tsakiyar fuskar a tashe take, gefenta ya gangara, akwai tagar kwanan wata wajen ƙarfe uku. A bayansa akwai hoton wani gini mai ƙubba da taurari. Samansa launin gwal, bayansa fari. In na girgiza shi sai ya tashi, can an jima ya tsaya. Wani mai gyara ya ce zai sake wa fuskar fenti, ya goge jikin, ya sa masa injin batir. Wani kuma ya taya tun ban ce na sayarwa ba ne. 'Yan'uwana suna so a san ƙimarsa kafin rabon gado. Yaya zan gane na asali ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Kafin mu je ko'ina, kada ka sake kai agogon nan wurin mai gyaran da ka ambata. Ban ce mugun nufi gare shi ba, wataƙila abin da ya saba yi wa agogunan yau da kullum ke nan. Amma abubuwa ukun da ya lissafa maka, fenti da guga da injin batir, duk wanda aka yi a cikinsu an yi ke nan, babu mai iya mayar da shi yadda yake. Garin neman gira a nan ake rasa ido. Ka kuma daina girgiza shi, zan gaya maka dalili in mun zo wurin.

Yadda ka siffanta shi ya yi kama da Constellation na shekarun 1960. Kamfanin Omega da ke garin Biyel a Suwizalan ya fara fitar da wannan suna a 1952, kuma a lokacin shi ne kan gaba cikin agogunansa. Irin fuskar da ka faɗa, mai tudu a tsakiya da gangare mai kusurwa goma sha biyu, kamar an kife ƙaramar tasa, ita ce masu tara tsofaffin agoguna suka fi nema a cikin dangin. Sai dai ji kawai na yi, ban gani ba, kuma masu yin jabu sun san duk waɗannan siffofi kamar yadda na san su. Don haka ga yadda nake yi idan aka ajiye mini irinsa a kan tebur. Shaidu uku nake kira: jiki, inji da fuska. Kowannensu akwai abin da zai faɗa game da shekarar da aka yi shi da dangin da ya fito. In bakinsu ya zo ɗaya, agogo ɗan asali ne. In ɗaya ya kauce, to akwai abin da ya faru da shi a hanya, sai a bi a gano mene ne.

Shaida na farko yana cikin murfin baya. Idan wanda nake zato ne, murfin na murɗawa ne, kuma da maɓuɗinsa na musamman ake kwance shi. Ka tsaya a kan wanda zai buɗe, kada ka bari ya sa wuƙa ko almakashi, domin zamewa ɗaya ta isa ta yi wa bayan karcen da zai zauna har abada. A cikin murfin za ka ga tambarin kamfanin da lamba. Wajen 1962 zuwa 1963 Omega ta koma lamba mai alƙaluma shida, kuma kowane alƙalami na farkon da ma'anarsa. Ɗauki 168.005, wadda ita na fi zato: 1 na nufin agogon maza, 6 na nufin mai yi wa kansa wani, wato mai naɗe sifirinsa da kansa, mai hannun daƙiƙa a tsakiya, 8 kuma na nufin mai hana ruwa shiga, mai kwanan wata, wanda aka yi wa jarrabawar daidaito. Ɗan'uwansa mara kwanan wata shi ne 167.005. Waɗanda suka gabace su suna ɗauke da 14902 da 14900. Idan ka ga 166 ko 165 a farkon lambar, wannan murfin wani agogon ne, galibi Seamaster, wani samfurin na Omega, kuma ba shi da hurumi a bayan Constellation.

Kada ka rufe murfin ba ka juya shi a haske ba. Sau da yawa za ka ga ƙananan rubuce-rubuce da aka karta da tsinin allura, lamba ko kwanan wata. Masu gyara na da ne suke barin alamar ranar da suka yi sabis, kuma ni ina jin daɗin ganinsu, don suna nuna an kula da agogon. Abin da ba na son gani shi ne da'irar gogayya mai sheƙi a cikin murfin. Ita tana nuna faifan da ke juyawa ya yi sako-sako har yana taɓa murfi. Yana gyaruwa, amma a san da shi.

Shaida na biyu inji ne, kuma a nan za ka gane dalilin da ya sa na ce kada a cire shi. Da an ɗaga murfi za ka ga inji ja-ja kamar sabuwar tagulla, da faifai mai siffar rabin wata a samansa. Faifan nan shi ke juyawa da motsin hannunka, ko hagu ko dama, yana naɗe babban sifirin da ke cikin wani ɗan gwangwani. Sifirin yana warwarewa a hankali, yana tura jerin ƙananan giyoyi, su kuma suna miƙa ƙarfin ga wani ɗan zobe mai lilo wanda ke da siririn sifirin kamar silin gashi a tsakiyarsa. Zoben nan shi ke raba lokaci. A wannan injin yana bugawa sau 19,800 a awa, wato biyar da rabi a kowace daƙiƙa, sau 475,200 a kwana ɗaya. Kusa da shi akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da wuyan agwagwa da ɗan sukuru, da shi ake saita gudu ko jinkiri da ƙyas. Injin da ya cika da wani yakan yi kusan awa hamsin a ajiye bai tsaya ba.

Jajayen ɗigogin da za ka gani su ne duwatsun da ake rubutawa, guda 24 a wannan injin. Yaƙutu ne na masana'anta, aikinsu rage gogayya a inda ƙafafun giyoyi ke juyawa. Ba su da wani kuɗi a karan kansu, kada wani ya ruɗe ku da su wajen rabo. A cikin kowane dutse akwai ɗigon mai da bai kai kan allura ba. Man nan yana bushewa cikin 'yan shekaru, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙullin wasa wuƙa. Wataƙila shi ya sa naku yake tashi ya tsaya, kuma shi ya sa na ce ka daina girgiza shi: duk bugun da ya yi a bushe cin kansa yake yi. Amma tashin da yake yi albishir ne, yana nuna zoben lilon bai karye ba.

To, me za ka karanta a jikin injin? Abu uku. Na farko lambar injin, alƙaluma uku a ƙarƙashin tambarin kamfanin. Ga 168.005, abin da ya dace shi ne 561 ko 564. Mara kwanan wata 551 ne, mai rana da kwanan wata kuma 751. Bambancin 561 da 564 ana iya gane shi ko ba a buɗe ba: a 564, in ka ja maɓallin wani da ke gefen agogon har ƙarshe kwanan wata zai tsallaka ɗaya, ka mayar ka sake ja ya sake tsallakawa, shi kuwa 561 sai an bi da hannayen agogo ta tsakar dare. Wannan gwaji a bar shi sai bayan sabis, kuma ko a lokacin kada a yi shi idan agogon yana nuna tsakanin tara na dare da uku na asuba, don a wannan tsakanin haƙoran kwanan wata suna sarƙe.

Na biyu, rubutun Turanci a kan farantin da ke riƙe da faifan, wanda ke cewa an saita injin a yanayin kwanciya biyar da kuma zafi da sanyi. Wannan rubutu shi ne ke raba Constellation da 'yan'uwansa. Injina 552 da 562 da 565 uwa ɗaya uba ɗaya suke da waɗannan, kayansu na shiga na juna, amma ba a kai su jarrabawa ba. Jarrabawar kuwa ta kwana goma sha biyar ce a ofisoshi masu zaman kansu, waɗanda aka haɗe a 1973 suka zama hukumar COSC. Ƙa'idarta a yau kada agogo ya yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko gudun da ya wuce daƙiƙa 6 a kwana. Saboda kayan na shiga na juna, akwai masu ɗauko injin Seamaster su ɗaura masa farantin da ke da rubutun. Yadda ake kama su shi ne launi. Farantan da suka tsufa tare launinsu ɗaya ne, baƙon faranti kuwa sai ka ga ya fi sauran haske ko duhu, kamar sabon faci a tsohuwar riga.

Na uku, doguwar lamba mai alƙaluma takwas. Ita ce ke ba da shekara. A kimance, miliyan 17 ya faɗo wajen 1960, miliyan 20 wajen 1963, miliyan 24 wajen 1966, miliyan 26 wajen 1968. Agogo kan kwana a kanti shekara ɗaya ko biyu kafin a saye shi, don haka lamba tsakanin miliyan 23 da 26 ta yi daidai da hajjin 1968. In ka ga miliyan 30 da wani abu, to ko dai an canza injin daga baya, ko kuma a wata tafiyar aka sayo shi. Ka duba mini musamman ko lambar ta faɗa tsakanin 24,410,000 da 24,509,999. Wannan jeri ne na injina dubu ɗari a jere da aka kai jarrabawa tsakanin 1964 da 1966 duk suka wuce da kyakkyawan sakamako, kuma masu tarawa suna son samun ɗaya daga cikinsu.

Yanzu sai fuska, kuma a nan zan daɗe, domin a nan mafi yawan darajar take, a nan kuma aka fi yin ɓarna.

Fuskar da ta fito daga masana'anta bugawa aka yi, da hatimin ƙarfe da aka sassaƙa. Rubutun siriri ne, kaifi gare shi, kuma in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga 'yan ƙananan ƙafafu a ƙarshen haruffa, tawadar ta ɗan taso kaɗan. Wadda aka sake wa fenti sai an kankare ta tukuna, an fesa sabon launi, an sake buga rubutu da hatimin da aka kwaikwaya. Komai gwanintar mai yi, wani wuri zai tona shi. Haruffa su yi kauri, ko tazararsu ta bambanta. 'Yan layukan mintoci su ƙi zama daidai da sandunan awa, wani ya matso wani ya nisa. Fenti ya hau gindin sandunan ko ya taru a gefen tauraro. Kusurwoyin nan goma sha biyu, waɗanda a ta asali suke fitowa tsaf, su dushe saboda kaurin fenti. Kalmar Constellation ita kanta rubutun hannu ce mai lanƙwasa, kuma ita ta fi ba masu kwaikwayo wahala.

Akwai wani gwaji da masu tarawa ke yi. A ƙarƙashin tambarin akwai layuka uku na rubutu: AUTOMATIC, sai CHRONOMETER, sai OFFICIALLY CERTIFIED. In ka ja layi a zuci daga sha biyu zuwa tsakiya, ya kamata ya ratsa ta harafin M na layin farko, da O na tsakiyar layi na biyu, da Y na layi na uku. Gwaji ne mai amfani, amma ni ba na yanke hukunci da shi kaɗai, don akwai fuskoki na asali da suka ɗan kauce masa, kuma masu fenti na yanzu sun koyi cika shi.

Duba can ƙasa, ƙarƙashin shida. Za ka ga SWISS MADE, wataƙila da harafin T hagu da dama. T ɗin na nufin an sa sinadarin tiritiyam mai haske cikin duhu, wanda ya maye gurbin radiyam a farkon shekarun 1960. Ƙa'ida a nan mai sauƙi ce: in akwai T, to a sami ɗigogin sinadarin a gefen sanduna da kuma cikin hannayen agogo, duk launinsu ɗaya, sun koma kamar ruwan madara ko ƙasa-ƙasa. In babu sinadari a fuska, hannayen ma kada a same shi, galibi baƙin layi ne a tsakiyarsu da ya dace da baƙin da ke cikin sandunan. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk shekara goma sha biyu da 'yan watanni, don haka na 1968 ya daɗe da mutuwa. Agogon wancan zamani da ke kwana yana haske kore shar, sabon sinadari aka shafa masa. Radiyam kuwa ko ya daina haske yana nan da ransa, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shi ya sa ba a kankare tsohon sinadari da hannu, ba a hura shi da baki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: 'yan ɗigogin tsufa, ko fari da ya koma ruwan hoda, ko ɗan dushewa a gefe, duk ba aibi ba ne a wurin wanda ya san kaya. Su ne ke tabbatar masa ba a taɓa ba. Ni idan aka kawo mini agogon da ya haura shekara hamsin fuskarsa fes kamar jiya aka yi, jikinsa kuwa duk karce, sai na ƙara gyara zama. Haka in fuskar baƙa ce. Baƙaƙen na asali kaɗan ne, kuma mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa fenti ne. Lalacewar da ke rage daraja da gaske ita ce ta ruwa: fenti ya ɓamɓare, rubutu ya goge, tsatsa ta fito. Ko a nan ma shawarata a nemo wata fuskar ta asali ta wannan samfurin, a ajiye tsohuwar a gefe.

Sai jiki. Ka ce sama launin gwal, baya fari, to mai yiwuwa irin wanda aka yi wa hular gwal ne. Iri uku ne ake rikitawa. Akwai ruwan gwal, shafe ne siriri da ke gogewa da gumi. Akwai hular gwal, wato falle mai kauri na zinare da aka liƙa a kan jikin ƙarfe mara tsatsa, kuma in ka juya agogon ka dubi ƙarƙashin kunnuwan da ake maƙala maɗauri za ka ga inda zinaren ya tsaya ƙarfe ya fara. Sai zinare zalla, wanda bayansa ma zinare ne, da hatimin 18K ko 0.750 a cikin murfi. A littattafan kamfanin ST na nufin ƙarfe, CD hular gwal, BA zinare. Kada mai sayen gwal ya auna muku shi a sikeli, zinaren da ke jikin mai hula bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin agogon a haɗe. Batun namiji ya ɗaura mai zinare a jiki kuwa, wannan na malamai ne, ka tambaye su.

Faɗin jikin kusan milimita 34 ne, ƙarami a idon 'yan yanzu, amma haka ake yin na maza a lokacin. Kunnuwansa huɗu suna da wata karyewa kamar ƙafar kare ta baya, da siririn gefe da aka fere wanda ke kama haske. Gefen nan shi injin guga ke fara cinyewa. Ina yaron shago aka taɓa ba ni wani tsohon agogo na ƙarfe in goge, na tsaya a kan injin har sai da ya zama kamar madubi, ina ganin na yi aiki. Maigidana ya karɓa, ya bi kunnen da babban yatsansa, bai ce komai ba, sai ya ɗauko wani irinsa da ba a taɓa ba ya ajiye kusa da shi. Nawa ya zama kamar sabulun da aka yi wanka da shi, duk kusurwoyin sun narke. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa. A kan mai hular gwal abin ya fi muni, ana iya huda zinaren har ƙarfe ya leƙo.

Ginin da ka gani a baya ɗakin duban taurari ne, kuma taurarin takwas ne, don tunawa da nasarorin da kamfanin ya samu a gasar daidaiton agogo a Janeba da kuma Kew ta Ingila. Ƙirga su. In duk takwas sun fito da tsininsu, ba a cika goge bayan ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa tayar mini da hankali. Maɓallin wani na asali kusurwa goma gare shi da tambarin kamfani, amma abu ne da ake canzawa lokacin sabis. Gilashin na roba ne, na asali yana da tambari ƙanƙane a tsakiyarsa wanda sai an karkata shi a haske ake gani, kuma karcensa na fita da ɗan goge na hannu. In akwai sarƙar ƙarfe, duba cikin maƙullinta, akan sami tambari da lamba kamar 2 da 67, wato rubu'i na biyu na shekarar 1967. Sarƙa ta asali kuɗi ce mai zaman kanta.

Jabu tsantsa bai cika wahalar ganewa ba, da an buɗe baya an ga farin inji mara suna magana ta ƙare. Haka tsofaffin agogunan da ake sake wa fenti kala-kala a Indiya a rubuta musu sunayen manyan kamfanoni. Mai wahalar shi ne haɗin gambiza, inda kowane ɓangare na gaske ne amma ba tare aka haife su ba. Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke ci. A Nuwamba 2021 an yi gwanjon wani Omega Speedmaster na 1957 a Janeba a kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan uku, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne daga sassan agoguna dabam-dabam. Ku a nan kuna da abin da masu gwanjon ba su da shi: kun san hannun da agogon ya zauna tun daga kanti. Abin tambaya kawai shi ne me masu gyara suka canza a tsawon shekarun, kuma mahaifiyarku ko ƙannen mahaifinku za su iya tuna ko an taɓa kai shi gyara.

Batun kuɗi, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu don kada 'yan'uwa su sa rai da abin da babu. Constellation agogo ne mai daraja, amma an yi shi da yawa, ba irin wanda ake nema ruwa a jallo ba ne. Mai kyau na ƙarfe ko mai hular gwal, wanda ba a taɓa fuskarsa ba, a kasuwannin waje yakan kama daga dala dubu ɗaya da 'yan kai zuwa 'yan dubbai kaɗan. Na zinare zalla ya fi haka. Tsakanin na ƙarfe da mai hula, masu tarawa sun fi karkata ga na ƙarfe. A ganina fenti kaɗai na iya zubar da kusan rabin kuɗin, injin batir kuwa ya mayar da shi kayan kwance. In za ka duba farashi a intanet, nemi wanda aka riga aka sayar, domin kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne ciniki ba. Ka kuma sani mai saye a gida zai cire kuɗin sabis da ribarsa. Wanda ya yi saurin taya maka, alama ce ya ga wani abu, don haka kada ka sallama masa sai mutum biyu da ba su da niyyar saye sun yi masa kuɗi. Ƙimar da suka bayar ita za ku kai wa mai rabon gado, kuma in da hali ni na fi son ɗayanku ya karɓe shi a cikin kasonsa.

Ku bincika akwatin marigayi da kyau. Kwalin agogon, ɗan littafin garanti mai hatimin kanti, rasit, takardar jarrabawa, tsohon fasfon hajji, ko hoton da ya ɗauka da agogon a hannu, duk a haɗa su wuri ɗaya. Takardar da lambarta ta yi daidai da lambar inji tana ƙara kuɗi sosai, kuma ita ce ke rufe bakin mai shakka.

In za a yi sabis, nemi wanda ya saba da agogon wani, ka tambaye shi yadda zai yi. Amsar da nake so ka ji ita ce zai kwance injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya duba abin da ya ci, ya sa man agogo a inda ya dace, ya canza robar murfi, ya saita gudu. Wanda ya ce zai tsoma shi a fetur ko ya ɗiga masa man keken ɗinki, karɓi kayanka. Ka gaya masa a gaban shaida: ba a taɓa fuska, ba a canza hannaye, ba a kai jiki injin guga, kuma duk abin da aka cire a ba ka shi a ƙulle. Ɗauki hoton injin da lambobinsa kafin ka bar shi.

Bayan ya dawo, duk wanda zai ɗaura ya riƙa cire shi lokacin alwala. Rubutun hana ruwa na sama da shekara hamsin da suka wuce ne, kuma yawancin fuskokin da na gani sun lalace ta maɓallin wani ruwan ya shiga, kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana. In ka taɓa ganin hazo a cikin gilashi, a ranar za a buɗe a busar. Kada a ajiye shi a kan sifika ko jikin waya, maganaɗisu na sa silin gashin nan ya manne agogo ya kama gudu.

Yanzu dai naɗe shi a tsumma mai laushi, ka sa a wuri busasshe. Ka turo mini hoton fuskar a hasken rana ba tare da fitilar kyamara ba, ɗaya kai tsaye ɗaya a karkace, da hoton kunnuwan ta gefe, da cikin murfi, da injin yadda lambobin za su karantu. Da su zan iya gaya maka ko shaidun uku sun yi baki ɗaya.